Kurakuran da Aka Fi Yi da Na'urorin da ke Daidaita Kansu

Na'urar sanyaya ɗaki, da firji, da injin da ke cika tankin ruwa da kansa, duk tsarinsu ɗaya ne. Akwai ma'auni da ke auna halin da ake ciki, sai na'urar ta kwatanta abin da aka auna da abin da aka saita mata, ta kama aiki ko ta dakata, sannan ta sake aunawa. Abin da ma'aunin ya gaya mata kaɗai ta sani, kuma yawancin kurakurai daga nan suke tasowa.

A Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, mutane da yawa kan saita na'urar sanyaya ɗaki a digiri 16 da zaton ɗakin zai fi saurin yin sanyi. A na'urar da ba ta infata ba (infata ita ce mai iya ƙara gudu ko rage shi), kwampreso, wato injin da ke samar da sanyin, gudu ɗaya yake yi, lambar da aka saita kuwa tana nuna masa inda zai tsaya ne kawai. Tunda da wuya ɗakin ya sauko zuwa 16 a wannan zafi, kwampreson ba zai huta ba, kuɗin wuta kuma ya yi ta hawa. A saita ta a 24 ko 25, a rufe ƙofa da taga, a wanke ragar da ƙurar hunturu ta toshe. Haka nan idan labule ko kabad ya tare gabanta, iskar sanyi takan koma mata nan take, ta ɗauka ɗakin ya yi sanyi, ta dakata alhali mutane na gumi.

A tankin ruwa, ma'aunin shi ne ƙwallon da ke yawo a saman ruwan. Idan igiyarsa ta yi gajarta, injin zai riƙa tashi yana mutuwa da an ɗebi ruwa kaɗan, wannan kuwa yana cin rayuwarsa. A ƙara tsawon igiyar domin a sami tazara tsakanin matakin kunnawa da na kashewa.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da wasu masu gyara ke yi idan ma'aunin firji ya lalace, wato su haɗe wayoyin kai tsaye su tsallake shi. Firjin zai yi sanyi a ranar, mai shi ya ji daɗi, amma babu sauran abin da zai tsayar da kwampreson, sai ƙanƙara ta taru, shi kuma ya yi ta aiki dare da rana har ya ƙone. A dage a sa sabon ma'auni, domin kuɗinsa bai kai na kwampreso ba ko kusa.