Kurakuran Masu Tsintar Duwatsun Tarihi a Kwazazzaban Kebbi da Zamfara

Yawancin sababbin shiga wannan harka tun daga zaɓen wuri suke ɓata. Ka ga mutum ya wuni yana fasa dutse a gindin Kwatarkwashi wai yana neman ƙashin da ya koma dutse. Duwatsun gabashin Zamfara narkewa suka yi a cikin ƙasa suka daskare, babu halittar da ta saura a cikinsu. Tuddan nan masu hular marmara na wajen Gwandu, Birnin Kebbi da Argungu su ma ba su cika bayar da komai ba. Inda ake dacewa shi ne shimfiɗar laka da farin dutsen siminti da teku ya bari lokacin da ya malalo ta Sahara, shekara miliyan 70 zuwa 56 da suka wuce. Irinta ce ta fito fili a Dange, Wurno, Kalambaina da Goronyo ta jihar Sakkwato, inda ake samun haƙoran kifi, katantanwa, ƙashin kada da na kunkuru. Har akwai wani ƙaton dabban ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. A Kebbi kuwa a nufi wajen Illo, can ake samun itacen da ya koma dutse. Gwaji mai sauƙi: ɗiga ruwan lemun tsami a kan farin dutse, in ya yi kumfa to ka zo gidan.

Babbar ɓarna kuwa ita ce ɗauka a jefa aljihu. Wannan ɗabi'a ta ishe mu! Haƙori ko gatarin aradu da ba a san inda ya fito ba ya zama tsakuwa, ko malamin jami'a ka kai wa ba abin da zai iya faɗa a kai. Shekarun abu ba a jikinsa ake karantawa ba, a jikin ƙasar da ya kwanta ne. Kafin hannunka ya taɓa shi, ɗauki hoto uku: ɗaya kusa da biro a gefe don a gane girmansa, ɗaya da ke nuna shimfiɗar da yake ciki, ɗaya na kwarin gaba ɗaya. Ajiye lambobin GPS, waya na bayar da su ko babu sabis. Sannan ka rubuta a takarda da fensir: kwanan wata, ƙauye mafi kusa, launin ƙasar, da ko a jikin bango ka same shi ko ruwa ne ya gangaro da shi. Fensir na ce, don tawada zufa kawai ke wanke ta. Kowane abu da takardarsa, a naɗe shi shi kaɗai a tsohuwar jarida. Masu zuba ashirin a leda ɗaya su hau babur, gari suke isowa da shi gida.

Sai wanki. Malam, wa ya aike ka da bokiti? Lakar nan mai ɓarewa falle-falle tana shan ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsattsage, ƙashin da ke ciki ya bi ta. Wasu har ruwan batir suke zubawa don abu ya yi fari, alhali bawon katantanwa da dutsen da ke riƙe da shi duk abu ɗaya ne, tare za su narke. A bar shi ya bushe a inuwa kwana biyu ko uku, a bi shi da tsohon buroshin haƙori a bushe, lungunan kuma da tsinke ko allura. In yana marmashewa, abin da na yarda da shi shi ne Paraloid B-72, wani irin danƙo da masu adana kayan tarihi ke amfani da shi, giram 5 a cikin mililita 100 na asiton, ruwan sinadarin da ke narkar da shi, a shafa da ƙaramin buroshi ya tsotse. Fenti, man gyaɗa da sufa gulu ba sa fita, kuma suna rufe zanen da masani zai duba.

Dunƙulen marmara mai rami a ciki ba ƙwan dabbar dā ba ne, baƙin abu mai ƙuraje da nauyi kuma galibi kashin maƙera ne. Tsinin kibiya na gaske za ka ga an ɓanɓare gefensa a jere, sara kusa da sara, ba fashewa ɗaya ba. Wasu na lasar abu don su ji ko zai kama harshe kamar ƙashi. A Zamfara kada ka kuskura, musamman wajen Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010.

Kada ka shiga kwazazzabo da hadari a sama, ko da a nesa yake, ruwan da aka yi a tudu shi ke cika kwari ba sallama. A bari sai damina ta ɗauke, lokacin ruwa ya gama tone sababbin wurare. Kada ka tsaya ƙarƙashin bangon da ruwa ya ci gindinsa. Dutse kuma da sanda ake juya shi, ka jawo shi ta wajenka ya zama garkuwa, saboda kububuwa da kunama. Ruwan sha lita huɗu ga mutum ɗaya, kuma ba a tafiya mutum ɗaya.

Duk wanda ya shiga daji da guduma bai gai da mai gari ba, za a ɗauke shi mai neman zinare ko ɗan leƙen asiri, kuma a halin tsaron da ake ciki wannan ba ƙaramin abu ba ne. In mutanen wuri suka ce kada a bi nan, magana ta ƙare.

Gatarin aradu, tsinin kibiya da fasassun tukwane kayan tarihi ne a idon doka. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono ba izini, ta hana sayar wa dillalin da ba shi da izini, ta kuma hana fitar da su waje ba takarda. In ka ga sun taru wuri guda, ɗauki hoto ka bar su a kwance, ka kai labari gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello.