Yadda za ki koya ma yara kimiyya a gida da waƙa

Uwaye masu karantar da yara a gida ba lakkol ba, musamman mu nan Tahoua, ga dabara. Yaro ɗan shekara 4 ko 6 ba ya zama ki yi ta zuba mishi bayani kamar malamin lakkol, amma ki sa mishi waƙa da taɓi yanzun nan ya haddace, har ya ishe ki da ita wajen cin tuwo.

Sai dai kar ki fara da waƙar, fara nuna mishi abun ya gani da idonshi. Ɗauki ruwan sama. Ki aza tukunya ruwa ya tafasa, a digiri 100 yake tafasa, ki tara marfi mai sanyi bisa tururin (ke za ki riƙe don Allah, ba shi ba) ya ga ɗigo na taruwa yana ɗiga ƙasa. To sai ki ce mishi ruwan tabkin Tabalak ma haka yake tashi da bazara, amma rana ba tafasa shi take ba, a hankali take janye shi kamar yadda wanki ke bushewa bisa igiya, in ya hau sama ya huce ya zama gajimare, damina ta zo ya sauko.

Yanzu waƙa, ki ɗauko muryar gaɗa wadda suka saba, ke ki bada su amsa:

Rana ta ja ruwan tabki, ayye ruwa
Tururi ya hau sama, ayye ruwa
Sanyi ya tara shi hadari, ayye ruwa
Ya zubo gero ya sha, ayye ruwa

Baiti 4 ya isa. In sun iya, ki riƙa tsayawa tsakiya su cika, ko ki juya da gangan ki sa hadari kafin tururi ki ga wa zai ce "Inna ba haka ba ne", wannan shi ya gane, sauran baki kawai ke yi.

Sauro ma haka, mace ce ke cizo kuma cikin ruwan da ya kwanta take ƙwai, ki nuna musu tsutsotsin cikin tsohuwar taya ko gwangwani, ku yi waƙar kuna kifar da ruwan.

Kuma kar ki sa ƙarya don baiti ya yi daɗi, abun da yaro ya rera da wuya ya fita kanshi. In waƙar ta zauna ki ɗauke ta a portabul, da dare ki kunna musu kafin kwana.