Kurakuran masu bin sawun tarihin Katolika a taskokin takardu

Na gaji da ganin sabbin masu bincike suna faɗawa ramin da na faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Babban kuskure shi ne neman tsohon wuri da sunansa na yau. Wata huɗu na ɓata ina tsallake duk fayil ɗin da aka rubuta wa "Gabashin Najeriya", a zatona ƙasar Ibo ake nufi. Ashe yankin mishan da Roma ta kafa a 1911 da wannan suna shi ne wanda ya ƙunshi Shendam, inda fadoci na ƙungiyar SMA (Society of African Missions, ƙungiyar ’yan mishan na Katolika) suka sauka a 1907. Sai a 1929 aka mayar da sunan Arewacin Najeriya, a 1934 kuma aka raba shi Kaduna da Jos. Abin da nake nema yana gabana kullum, ni kuwa ina ture shi gefe. Har yau abin na ci mini rai. Yanzu ba na buɗe kwali ko ɗaya sai na zana jerin sunayen yankin shekara bayan shekara a bangon littafina.

Na biyu, tsayawa a ofishin dayosis (yankin da bishop ke kula da shi) kaɗai. Ɗan mishan shugaban ƙungiyarsa yake rubuta wa wasiƙa, don haka takardun SMA suna Roma da Cork ta Ireland, na farkon ma da Faransanci suke, tunda a Lyon aka kafa ƙungiyar a 1856. Ba ka jin Faransanci? Nemi mai ji tun kafin ka sayi tikiti.

Na uku, manta cewa limamin soja (fadan da ke aiki cikin sojoji) fayil biyu gare shi, na rundunar da na coci. Misali, gobarar 1973 a taskar takardu ta St. Louis, Amurka, ta cinye miliyoyin fayilolin sojan Amurka, sai ka ji ɗalibi ya ce bincike ya ƙare. Haba! Bishop ɗinsa fa? Wasiƙun da ya aika gida daga fagen daga fa?

Kuma don Allah a daina kwafo labaran mujallun mishan kamar shaidar kotu. An rubuta su ne don masu ba da gudummawa a Turai. Ni sai na gwada su da rajistar baftisma da rahoton Razdan a taskar tarihi ta Kaduna, nan ne katikis (mai koyar da addini a coci) ɗan ƙasa da mujalla ta manta yake bayyana.

Ɗaukar hoton takarda ba tare da lambar fayil ba, aikin banza ne. Takardun Vatican na zamanin Fafaroma Pius na 12 kuma an buɗe su tun Maris 2020, a daina cewa a kulle suke.