Yoga ga masu wuni a tsaye: yadda za ka rage wa jijiyoyin ƙafa nauyi

Mai aski, nas, malamin makaranta, mai gadi, mai suya, duk wanda ke wuni a tsaye ya san yadda ƙafa ke yin nauyi da yamma, idon sawu ya kumbura har takalmi ya matse, wasu ma jijiyoyi su fito ruɗu-ruɗu a sharaɓa. Dalili kuwa jinin ƙafa hawa yake zuwa zuciya, naman sharaɓa ne ke tunkuɗa shi duk sanda ka taka, cikin jijiyoyin kuma akwai 'yan ƙofofi masu hana shi gangarowa. To in ka ƙame wuri ɗaya awa da awanni sai jinin ya taru a ƙasa, yau da gobe ƙofofin su saki.

Yoga dai, wato wani salon motsa jiki da numfashi da natsuwa, daga Indiya ta fito, mu ɓangaren motsa jikin kawai za mu ɗauka. Wanda na fi yarda da shi shi ne Viparita Karani. In ka dawo gida shimfiɗa tabarma jikin bango, ka zauna gefenka na taɓa bangon, sai ka juya ka kwanta rigingine ka miƙe ƙafafu sama ka jingina su, in bayan cinya na ja ka ɗan matsa baya, ba dole sai ka manne ba. Minti 5 zuwa 10 kana numfashi a hankali, za ka ji nauyin na sauka. Kana nan kwance ka riƙa jujjuya idon sawu, ka tanƙwaro yatsu wajenka ka mayar. In ka gama kar ka zabura, mirgina gefe tukuna.

A wurin aiki ma ba sai ka jira dare ba, tsaya a miƙe ƙafafu daidai, tsayuwar da suke kira Tadasana, ka ɗaga diddige ka sauke a hankali sau 15 ko 20, ko kana tsaka da aski za ka iya. Ni a ganina wannan ma ya fi muhimmanci tunda a lokacin ne jinin ke taruwa.

Gaskiya fa jijiyar da ta riga ta kumbura yoga ba za ta ɓatar da ita ba, nauyi da tsami da kumburi take ragewa, kuma safar matse ƙafa ta asibiti na taimakawa sosai. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon ido na gilakoma da mai juna biyu su tambayi likita kafin ɗaga ƙafa. In kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi da ciwo, ko gyambo ya ɓulla a idon sawu, dan Allah kar a murza, kar a tsaya wani motsa jiki, a wuce asibiti a ranar domin irin wannan kumburin ta yiwu jini ne ya daskare a ciki.