Yadda ake sabunta giris ko canja boris ɗin suwin-am na mashin a gida

Akwai waje ɗaya a jikin mashin da kusan kowa ke mantawa da shi. Ana juyen baƙin mai a kan lokaci, ana ɗaure sarƙa, ana wanke filogi, amma inda suwin-am ya maƙale a jikin shasi, wajen da dogon shaf ɗin nan ya ratsa ta bayan inji, sai mashin ya yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kwance shi. Suwin-am dai shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ya riƙe tayar baya, shokoba na zaune a kansa, duk ramin da ka faɗa shi ke yin sama da ƙasa. Kuma a wajen da yake zaune ruwan damina da taɓo da ƙurar hunturu duk nan suke taruwa, tayar baya ce ma ke watsa mishi su.

Kafin ka kwance komai ka fara tabbatarwa ciwon daga nan yake. Ka ɗora mashin a dobul sitan yadda tayar baya za ta bar ƙasa, ka tsuguna ta baya, ka kama ƙarshen suwin-am ɗin da hannu biyu, shi ƙarfen fa ba tayar ba, ka girgiza hagu da dama da ƙarfi. Bai kamata ka ji ya motsa ba ko kaɗan. In ka ji ƙwas-ƙwas ko ka ga yana lilo to an ci wajen. In kuwa ƙarfen yana tsaye ƙam amma da ka kama tayar sai ta yi wasa, wannan boris ɗin taya ne, wani aikin ne daban, kar bakanike ya haɗe maka su. A kan titi ma yana nunawa, za ka ji bayan mashin yana rawa in ka shiga kwana kamar tayar ba iska, sarƙa ka ɗaure yau gobe ta saki, wani lokacin har ta riƙa fita, tayar baya kuma tana cinyewa ta gefe ɗaya. Masu ɗaukar buhu da ’yan acaɓa su suka fi saurin gamuwa da wannan saboda lodi.

Toh sai ka san me ke cikin naka. Ƙananan mashina irin su Boxer, Jincheng, Haojue da CG akasari bush ne a ciki, wato ɗan bututun da shaf ke bi ta cikinsa, wani na roba ne da aka manne da ƙarfe ciki da waje, wani na roba mai tauri ko na ƙarfe. Manyan mashina da na daji su kuma boris ne mai allurai, wato ƙananan sandunan ƙarfe jere a cikin wani kofi siriri, suna juyawa a kan kwalar ƙarfe da shaf ke bi ta cikinta, da sil a kowane gefe yana tare datti. Bambancin yana da muhimmanci sosai don bush ɗin roba mai manne ba ya son giris sam, girisin da aka yi da man fetur kumbura roba yake yana lalata ta, shi in ya mutu canja shi kawai ake yi. Boris da bush ɗin ƙarfe su ne masu cin giris.

Kayan aiki ba wasu masu yawa ba ne, sifanu da soket, guduma, filaya, kananzir da tsohon buroshin haƙori, tsumma mai tsabta, giris, sai faranti ko murfin bokiti na zuba noti. Giris ka nemi na lithium mai lamba 2, in ka samu wanda aka rubuta ba ya jin ruwa ya fi. Wanda ake aunawa a leda a bakin titi a buɗe ƙura na sauka a kai, wannan kam gara ka bar shi. Kuma ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu, musamman yadda washa-washa suka jeru, don wajen mayarwa nan ake rikicewa.

Kwancewa ba wuya. Tun mashin na ƙasa ka fara sassauta notin shaf ɗin suwin-am da na tayar baya, don in ka ɗaga shi kana dannawa da ƙarfi zai iya faɗowa. Sai ka ɗora shi a dobul sitan, in ba shi da shi ka sa kututture ko benci a ƙarƙashin inji, ka sa wani ya riƙe maka ko ka ɗaure gaban. Cire kabar sarƙa, kwance sandar birki da ƙarfen da ke riƙe da farantin birki, zare shaf ɗin taya ka fitar da ita, sauke sarƙa, sannan ka kwance shokoba ta ƙasa. Yanzu suwin-am ya rage shi kaɗai, ka ɗaga shi sama ka sauke a hankali da hannu, in ka ji yana cijewa ko yana gurzawa kamar da yashi a ciki, ka ga amsarka.

Inda aikin yake tsayawa shi ne shaf. In an daɗe ba a taɓa shi ba tsatsa ta haɗe shi da kwalar ciki sun zama abu ɗaya, a nan ne mutum zai ɗauko babbar guduma ya hau dukan bakin tiredi, wato ƙarshen shaf mai zara-zara inda noti ke hawa, kafin ka ce me bakin ya baje noti ba zai ƙara shiga ba, shaf ɗin ma ba zai iya wucewa ta ramin ba. Kar ka yi haka malam. Ka fesa WD-40, man feshin nan mai sakin tsatsa, ko ka zuba kananzir haɗe da ɗan baƙin mai ta gefe biyun, ka bar shi ya sha, in da hali ya kwana. Da safe ka fara juya kan shaf ɗin da sifana gaba da baya har ya ɗan saki, ka mayar da noti ya zo daidai da bakin tiredi sannan ka buga a kan notin, ko ka sa katako a tsakani. Da ya fara tafiya sai ka cire notin ka bi shi da wani ƙarfe da bai kai shi kauri ba. In duk ka yi wannan ya ƙi, ka kai gareji mai injin matsi, ya fi maka arha da ka lanƙwasa shasi.

Da ya fita sai wanki. Kananzir za ka sa ba fetur ba, fetur ga haɗarin wuta ga busar da sil. Ka yi hankali wajen zare kwalar ciki, wasu boris ɗin ba su da kejin da ke riƙe allurai, tsohon giris ne kawai ya manne su, da ka wanke sai su zube, shi ya sa ake aikin a kan faranti kuma a ƙirga su. Ɗaya ta ɓata shikenan sai sabo. Ka goge ka duba da kyau a haske. Allurai masu sheƙi, kwala sumul, in ka bi ta da farce ba ka jin layi, to giris kawai yake so. Amma in ka ga jan ruwan tsatsa, ko allurai sun yi baƙi, ko kwalar ta yi layi-layi inda suka zauna, giris ba zai gyara wannan ba, boris da kwala da sil duk tare za su tafi. Sa sabon boris a kan tsohuwar kwala mai rami asarar kuɗi ce.

In giris ne kawai, ka bari ya bushe sarai, ka cusa sabo da yatsa kana juya alluran har ya shige bayansu, ka shafa a leɓen sil, ka shafa siriri a duk jikin shaf ɗin daga kai har tiredi bayan ka goge tsatsarsa da sanfefa mai laushi. Wannan shafawar ita za ta sa wani karon shaf ya fito da hannu. Kar ka zuba sabon giris a kan tsoho da ba ka san irinsa ba, wasu in sun haɗu tsinkewa suke su zama ruwa.

In canji ne, ka ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwa, ko Kofar Ruwa ce ko Panteka ko duk inda kake saye, kar ka je da baki. Akwai lamba a bakin kofin, misali HK2016 yana nufin faɗin raminsa milimita 20 tsawonsa 16. Kwali mai sunan manyan masu ƙera boris irin su NTN ko Koyo ko SKF ba shi ke nuna na asali ba ne, jabu sun yi yawa, ka sayi wajen wanda ka sani. Kafin ka fitar da tsohon ka auna zurfin da ya zauna daga baki ka rubuta, don a wannan gurbin ne sil zai zauna. Tsohon kam ka iya buga shi ta ciki da dogon ƙarfe, kana zagayawa gefe-gefe, ai ya riga ya mutu.

Sabon ne ba a duka. Kofin nan siriri ne ƙwarai, bugu ɗaya a karkace ya lotsa, allurai su cije, ka kashe shi tun bai yi aiki ba. Dabarar ita ce ka samo dogon ƙarfe mai tiredi daga farko har ƙarshe, da noti biyu da manyan washa, da soket wanda faɗinsa ya kusa daidai da bakin kofin. Ka goge ramin, ka shafa ɗan giris, ka ɗora boris ɗin gefen da ke da rubutu yana kallon waje don nan ne ya fi kauri kuma nan soket zai danna. Zura ƙarfen ya fita ta ɗaya gefen, sa washa da noti, ka riƙa ɗaurewa a hankali kana leƙawa ko ya miƙe. Da ka ga ya fara karkacewa ka tsaya ka sassauta ka gyara, kar ka ce zai daidaita da kansa a ciki. In akwai wuta ka sa boris ɗin a firiza cikin leda na ɗan lokaci, suwin-am kuma ka shanya shi a rana, ƙarfe mai sanyi tsukewa yake mai zafi kuma buɗewa, sai ka ga ya shige ba gardama. Bush ma haka ake matsa shi, shi sai dai ka jiƙa da ruwan sabulu in roba ce zalla.

Wajen mayarwa ka bi hotunanka, kuma in sarƙarka ba ta da mahaɗi ka tuna ka zura ta kafin ka sa shaf, in ba haka ba sai ka sake kwancewa. Mai boris ka ɗaure notin daidai ƙarfin da littafin mashin ya ce, ka gwada ɗaga shi da hannu kafin ka sa shokoba, ya riƙa tafiya sumul ba wasa a gefe. Mai bush ɗin roba kuwa kar ka ɗaure shi tamau yana rataye, ka bari sai ka haɗa komai ka sauke mashin ƙasa wani ya zauna a kai sannan ka ƙarasa ɗaurewa, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe kullum ta yage da wuri, sai a ce bush ɗin ne jabu alhali ɗaurin ne.

Saura sarƙa da birki. Alamomin saita sarƙa da ke gefen suwin-am su zo daidai hagu da dama, sakin sarƙa a ƙananan mashina yawanci milimita 20 zuwa 30 ne amma ka duba sitikar jikin naka in tana nan. Ka mayar da fin ɗin da ke tare notin ƙarfen birki, sabo in ka samu, ka taka birkin ka ji ya kama tun kafin ka hau. Zagaya unguwa a hankali, ka dawo ka sake taɓa notin da sifana, bayan kwana biyu ma ka sake. A wajen wanki kuma ka ce wa yaron kar ya saita bakin injin feshi a kan wannan wajen, ƙarfin ruwan tura sil yake ya wanke girisin da ka sha wahala ka cusa.