Darasi na Bakwai: Kula da Na'urar Sanyaya Ɗaki Daga Hunturu Zuwa Damina

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, masu gyaran firij da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba sa samun hutu. Duk wanda ya zo kukansa ɗaya ne: "Tana aiki, amma babu sanyi." Da yawa daga cikin waɗannan na'urori lafiyarsu lau. Ƙurar hunturu ce ta toshe su, kuma mai gida da kansa zai iya kawar da ita da ruwa da sabulu, ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Yadda take aiki

Esi kwashe zafin ɗaki take yi, ta kai shi waje. Irin wadda aka fi kafawa a gidaje yanzu kashi biyu ce: kan da ke manne a bangon ɗaki, da akwatin da ke waje mai fanka. Bututun jan ƙarfe guda biyu ne suka haɗa su, kuma a cikinsu gas yake zagayawa. Injin da ke tura gas ɗin shi ake kira kwamfureso. Yana cikin akwatin waje, kuma shi ne mafi tsada a jikin na'urar. Gas yana ɗaukar zafi a ɗaki, ya je ya sauke shi a waje, ya dawo ya ɗebi wani. Wannan aiki ba ya yiwuwa sai iska tana ratsa ɓangarorin biyu a sake. Idan ƙura ta tare hanyar iska, kwamfureso zai yi ta wahala, wuta ta yi ta tafiya, ɗaki kuma bai yi sanyi ba.

Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na taso mana da ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙura ce mai laushi kamar gari, babu inda ba ta shiga. A wannan lokaci yawancin mutane ba sa kunna esi. To, ku kashe ta daga makunnin bango, ku cire batirin rimot don kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki, ku rufa wa akwatin waje buhu ko tsohon zane. Amma ku tuna da shi. Kunna na'ura a lulluɓe na iya ƙona kwamfureso.

Babban aikin shekara a ƙarshen Fabrairu ake yin sa, kafin bazara ta kankama. Abu na farko, kashe wuta daga bango. Kashewa da rimot kaɗai ba ta isa ba. Sai ku ɗaga murfin gaba na kan da ke ɗaki. Za ku ga raga guda biyu ta roba, wadda masu gyara ke kira filta. Ku zaro su a hankali, ku fita da su waje ku kakkaɓe, sannan ku wanke da ruwa da ɗan garin sabulu. Kada a sa ruwan zafi, kada kuma a shanya a rana ko kusa da murhu, domin robar na lanƙwashewa ta ƙi komawa mazauninta. A inuwa za ta bushe. Sai ta bushe sarai za a mayar. Ku ɗaga ta wajen haske: idan kuna hango haske ta cikinta, ta wanku. Muddin ana kunna na'urar kullum, a maimaita wannan wanki duk sati biyu.

Daga nan sai akwatin waje. A bayansa da gefensa akwai siraran faranta na alminiyam jere kamar haƙoran mataji. Ta nan zafi ke fita. Suna da saurin lanƙwasa, don haka da burushi mai laushi ake share su, daga sama zuwa ƙasa, yadda suka jeru. Ana iya bi da ruwa a hankali, amma ban da gefen da wayoyin wuta suke. Ku kawar da itacen girki, kejin kaji da duk tarkacen da aka jingina, a bar masa fili kamar kamu biyu. Ku leƙa ko ɓera ko ƙadangare ya yi gida, don suna jawo haɗuwar waya. Idan akwatin a saman bangon bene yake, kada ku hau. Aikin mai gyara ne.

Maganar gas

Nan ne kuɗin mutane ke zurarewa, don haka ku karanta da kyau. Gas ɗin esi ba ya ƙarewa saboda amfani kamar fetur ko gas ɗin girki. A rufe yake cikin bututu, yana zagayawa shekara da shekaru. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin gas sau biyu a bazara guda, sai mai gyara na uku ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututu, muka ga tana tasowa. Noti ɗaya ne bai ɗauru ba. Har yau abin na damuna idan na ga magidanci mai ƙaramin ƙarfi yana zuba gas a na'urar da ba a toshe mata yoyo ba.

Saboda haka idan an ce muku gas ya ƙare, ku ce: "Malam, nuna mini inda yake fita tukuna." Alamomin yoyo su ne maiƙo a mahaɗar bututu da ƙanƙara a kan siririn bututun waje. Amma raga mai datti ma tana sa ƙanƙara ta taru a kan da ke ɗaki, shi ya sa ake fara wanke ta kafin a kira kowa.

Gas iri-iri ne, kuma an rubuta sunan na kowace na'ura a takardar da ke manne a gefen akwatin waje: R22, R410A ko R32. Ba a gauraya su. R22 na tsofaffin na'urori ne, ana kuma janye shi daga kasuwannin duniya bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana lalata rufin sama da ke tare mana kaifin hasken rana. R32 na iya kama wuta, don haka ba a kusantar da shi da harshen wuta. Wani wurin da ba na mai gida ba shi ne akwatin wayoyi. A ciki akwai kafasito, wanda ke riƙe wuta ko bayan an kashe makunni.

Bazara

Na'urorinmu an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan wuta ta zo da rauni, fitila ta yi ja, fanka na jan jiki, ku kashe esi ko ku sa mata sitabilaiza daidai ƙarfinta. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, ko aka juya zuwa janareto, a jira minti uku kafin a kunna, don gas ya daidaita a bututu. Ku saita rimot a kan 24 ko 25. Kai shi 16 wuta kawai yake ƙara ci, injin kuma ya rasa hutu. A rufe ƙofa da taga, a saki labule a gefen da rana ke bugawa.

Damina

Da ruwa ya sauka iska kan yi laima, esi kuma tana tatse wannan laima ta fitar da ita ta wani tiyo na roba da ya ratsa bango. Idan kun ga ruwa na ɗiga a cikin ɗaki, yawanci tiyon ne ya toshe. Zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a bakinsa lokacin da ba a amfani da na'urar, gansakuka ma tana taruwa a ciki. Ku duba bakin, ku sakace shi, ku tabbata ya gangara ƙasa bai nutse cikin taɓo ba. Ruwan da ke fita ba na sha ba ne. A ba shuka, kada a bari ya kwanta sauro ya samu wurin ƙwai. Idan iskar ta fara warin ruma, a bar na'urar a kan fanka zalla na kamar rabin awa kafin a kashe, cikinta ya bushe. Hadari mai tsawa idan ya taso, a kashe daga bango.

Aikin gida

Ku je wurin akwatin waje na gidanku, ko na maƙwabci idan ya yarda, ku kwafi sunan gas ɗin da ke jikin takardar a littafinku. A ƙarƙashinsa ku rubuta ranar da aka wanke raga, ku ƙirga kwana 14, ku rubuta ranar wanki na gaba. Ku zo da littafin a aji mai zuwa, za mu karanta tare.