Daga Kaduna Zuwa Ofishin Ɗaukar Ma'aikata A Ƙasar Waje: Yadda Ake Gyara Zama

Wanda ya saba haɗa masu neman aiki da kamfanoni a Kaduna, ya samu gurbi a Dubai ko Riyad ko Landan, ba rashin iya aiki ne ke kayar da shi ba. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne halayen da ake yabonsu da su a gida: kunya, kawaici, alfarma da nauyin baki wajen cewa a'a. A Dubai, dokar ƙwadago da ta fara aiki a Fabrairun 2022 ta yarda a ajiye sabon ma'aikaci a matakin gwaji har wata shida, kuma a cikin wannan lokaci sanarwar kwana 14 ta isa a sallame shi. Don haka gyaran zama na watannin farko ne.

Fara da kalanda. Saudiyya da Ƙatar suna aiki daga Lahadi zuwa Alhamis. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ta koma hutun Asabar da Lahadi tun Janairun 2022. Idan kana Dubai, kamfanin da kake nema wa ma'aikata yana Riyad, kwana huɗu kacal kuke haɗuwa a mako, Litinin zuwa Alhamis. Duk takardar da ka bari ta kai yammacin Alhamis ta kwana sai Litinin. Dubai na gaban Kaduna da awa uku, Riyad da awa biyu. Intabiyun ƙarfe tara na safe a Dubai ƙarfe shida ne ga yaron da ke Rigasa, wanda wataƙila wayarsa ba ta ga wuta ba tun jiya. Rubuta lokutan biyu a cikin saƙon gayyata, ka kira shi ana gobe, ka ce ya cika batir ya sayi data.

A makon farko ka zauna da manajanka ka yi masa tambayoyi a fili: kira nawa ake so a rana, takardun CV (masu bayanin karatu da ƙwarewar mai neman aiki) nawa za a tura a mako, kuma yaushe ake biyan la'ada. A kamfanoni da dama ba a biyan la'ada sai abokin hulɗa, wato kamfanin da ka samo wa ma'aikaci, ya biya kuɗinsa, kuma idan wanda aka ɗauka ya gudu da wuri, ana zare ta. Duk wanda ka yi magana da shi, shigar da sunansa a manhajar kamfanin nan take. Idan ka riƙe shi a ka ko a littafin aljihu, abokin aikin da ya riga ka shigar da shi ne zai ci la'adar, kuma babu mai sauraron ƙorafinka.

Maganar baki ita ce ta fi wuya. A gida yaro ba ya haɗa ido da babba, kuma sunkuyar da kai ladabi ne. A ofishin Landan manaja zai ɗauka kana ɓoye wani abu. Dube shi, ka kira shi da sunansa kamar yadda kowa ke yi, ko da mace ce ko ya girme ka. Yallaɓai da ranka ya daɗe ka bar su a Kaduna. Idan an ba ka gurbin da ka san ba zai cika a mako biyu ba, faɗi tun ranar, da dalili: albashin ya yi ƙasa, ko masu irin wannan ƙwarewa ba su da yawa. "In sha Allahu" ba ta wadatar ba, ko a wajen Larabawa. Haɗa ta da rana da lokaci. Amma a majalisin abokin hulɗa Balarabe, doguwar gaisuwarmu riba ce. Karɓi gahawa da hannun dama, kada ka shiga maganar kuɗi kafin shi, in ka ƙoshi ka ɗan girgiza kofin. Wanda ba ya musabaha da mata ya ɗora hannu a ƙirji da fara'a tun kafin a miƙo masa hannu.

Sai kuma babban tarko, wato mutanen gida. Da zarar labari ya kai Tudun Wada da Kawo cewa kana ɗaukar ma'aikata, wayarka za ta cika: kawu ya turo takardun ɗansa, abokin makaranta yana neman biza, wani ya ce ya tanadi kuɗin goro. Kada ka karɓi ko kwabo. Dokar Daular Larabawa ta hana ɗora wa ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa, haka ma a Birtaniya dokar 1973 ta hana kamfanin samar da aiki cajin mai neman aiki. Kuɗin da ya shigo asusunka na Najeriya ma shaida ne a kanka. Idan ɗan'uwanka ya cancanta da gaske, a sa ya nema ta shafin kamfanin, ka rubuta wa manaja cewa kuna da dangantaka, a ba wani ya yi masa intabiyu. Ga kawu kuwa, amsa ɗaya za ka riƙe, cikin ladabi: "Kawu, ba ni ke ba da biza ba, kamfanin da ya ɗauki mutum ne ke nema masa. Ya cika fom, in ya dace za su kira shi." Wannan amsa tana da ɗaci a karon farko, amma ta fi alƙawarin da zai sa mutum ya sayar da gona.

Takardun masu neman aiki amana ce da doka ke tsarewa. Kada ka tura CV ɗin kowa ta WhatsApp ɗinka, kada ka kai shi wani kamfani sai da yardar mai shi. Lura kuma da abin da ke cikin takardar. Ta gida takan zo da hoto, ranar haihuwa, addini, jiha, ƙaramar hukuma da batun aure. A Birtaniya, inda dokar daidaito ta 2010 ta haramta bambanci kan shekaru, addini, jinsi ko juna biyu, cire waɗannan kafin ka tura, kuma kada bakinka ya suɓuce ka tambayi mace ko tana da aure ko maigidanta zai bar ta. A ƙasashen Larabawa kuwa ana tambayar ƙasar mutum kai tsaye, saboda biza da kason 'yan ƙasa, irin tsarin Nitaqat na Saudiyya. Tambayi abokin hulɗa tun farko ko gurbin na ɗan ƙasa ne, kafin ka ɓata mako kana neman baƙo.

Salla ba ta buƙatar ɓoye-ɓoye. A inda babu masallacin ofis, toshe minti 15 a kalandarka don Azahar da La'asar, ka sanar da manaja batun Juma'a tun makon farko. Da azumi, Daular Larabawa na rage awa biyu a ranar aiki, don haka ka tura duk intabiyu zuwa safe, ka faɗa wa masu jiran amsa a Kaduna cewa za ta yi jinkiri.